Galan Biyu a Gaban Malam Gali

A Azare, idan giyar motarka ta fara gardama, ko ka ji bayan motar yana kuka kamar ana jan turmi a kan daɓe, duk wanda ka tambaya a tasha wuri ɗaya zai nuna maka: wata rumfar kwano a bayan layin masu faci, gindin tsohuwar dalbejiya. Nan Malam Gali yake. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wayar wuta. Aikinsa biyu ne tak, giyabos da aksul, wato akwatin giya da kuma tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda ke raba musu ƙarfin inji. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, har ƙeyarsa ta yi kanta.

Mutumin Zadawa ne, ɗan Fulanin da shanu suka ƙare musu suka rungumi fartanya. Yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinsa ya kawo shi Azare ya damƙa shi a hannun wani bakanike, Malam Abdulrashid, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur ba a ba shi sifana ya riƙe ba, sai wankin ƙarafa da kananzir. Abu na farko da maigidan ya koya masa kuwa ba da hannu ake yin sa ba. Yakan tsoma yatsa a mai, ya kai masa bakin hanci, ya ce, "Shaƙa."

Man giya, in ji Malam Abdulrashid, iri biyu ne, ko da kuwa launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Na aksul an cika masa farar wuta, domin haƙoran ƙarfen da ke can murza juna suke yi da nauyin kaya a kansu, shi ya sa yake da wari mai kaifi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na giyabos shi ma yana da wari, amma mai sauƙi. Dalili kuwa, a cikin giyabos na tsofaffin motoci akwai wasu zobban tagulla, su ne ke sa giya ta shiga salin alin ba tare da ƙara ba, ita kuma farar wuta cin tagulla take yi sannu a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Ka musanya su, ka kashe gaba da baya a rana ɗaya, sai dai ba a ranar za su mutu ba.

To, a garin nan yawancin man giya daga duro ake aunawa a zuba a tsofaffin galan na man gyaɗa, babu rubutu, babu lamba. Wanda ba shi da hanci sai abin da aka faɗa masa. Gali kuwa Allah ya ba shi, har ya fi maigidansa. Direba zai zo da galan, Gali ya tsoma ɗan yatsa, ya lumshe ido, ya ce wannan na baya ne, ko ya ce, "Mayar masa, an sirka shi da baƙin mai." Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Abin ya zama kamar wasan kallo, direbobi har barin shayinsu suke yi su zo su gani, a bayan idonsa kuma Gali Hanci suke ce masa, ya sani, kuma ba ya jin haushi. Da bakinsa ya taɓa ce wa Uchechukwu, mai shagon man da ya fi shekara ashirin yana saye a wurinsa, kada ya ƙara wahalar rubuta komai a jikin galan ɗinsa. "Rubutu na waɗanda Allah bai ba hanci ba ne," in ji shi, aka yi ta dariya.

A daminar da ta wuce ne mura ta kwantar da shi kwana tara, da zazzaɓi mai zafi. Ya warke, ya koma aiki, hancin bai dawo ba. Ranar da ya tabbatar, matarsa Yelwa ce ta jefa daddawa a miya yana zaune dab da murhu, bai ji komai ba. Ya tashi ya zagaya bayan gida, ya buɗe kwalbar fetur ya kafa hanci. Kamar ya shaƙi ruwan randa.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce sati mai zuwa zai dawo, sannan ya ce wata mai zuwa. Kafin nan ya fito da dabara: ya fara ce wa masu mota jabun mai ya yi yawa a kasuwa, gara su sayi na roba mai hatimi. Idan wani ya matsa ya kawo na awo, sai ya shaƙa a gabansa kamar da, ya ce a ajiye sai gobe, da yamma kuma ya biya ta shagon Uchechukwu ya shigar da tambaya cikin hira, daga wane duro aka auna wa wane. Haka ya yi wata bakwai yana lallaɓa sunansa kamar mai ɗauke da ƙwai a hula.

Ranar da abin ya zo Litinin ce, da hantsi. Motar da ke kan rami ta Ya Gana ce, wata Babarbariya da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da tsohuwar a-kori-kura guda ɗaya. Da ita take ɗauko tattasai daga Itas zuwa kasuwar Azare, ɗan yayarta Sha'aban yana tuƙi, ita tana gefe, mata masu kaya kuma su hau kan buhuna a baya. Sati uku motar tana kwance ana neman zobban tagulla, da ƙyar aka samo su a Kano, wanda ya sayar kuma ya ce daga waɗannan ba shi da wasu, irin motar ta ƙare a hanya. Gali ya haɗa giyabos, ya ɗora, ya wanke aksul. Saura mai kawai. Na roba mai hatimi irin na giyabos ya yanke a gari, amma Uchechukwu ya yi alkawarin ajiye masa ragowar na duro kafin ya tafi garinsu jana'izar yayansa.

Matar Uchechukwu, Chibuzo, ita ta kawo saƙon da kanta a keke napep. Ta sauke galan biyu a gabansa, dukansu rawaya, dukansu da jan murfi.

"Malam, ina kwana. Ga kayanka. Oga ya ce ɗaya na giyabos, ɗaya na baya."

Gali ya dubi galan ɗin, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Ya daure ya saki fuska. "Madam, wanne ne wanne?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Malam! Yau ni za ka yi wa jarrabawa? Tun ranar Juma'a na zuba su, shago cike da mutane, wallahi ban riƙe ba. Oga ya ce kada ma in ɓata alli, Malam Gali ba ya son rubutu."

"Duron fa? Da saura a ciki?"

"Na giyabos? Ya ƙare ƙaf, har masu ruwa sun saye duron. Sai Oga ya dawo a yi oda." Ta koma cikin keken. "Bari in gudu, na bar shago a buɗe."

A kan bencin gareji akwai direbobi huɗu suna jiran nasu aikin. Babban bakinsu Maikuɗi, mai farar bas ɗin da ke fake a gefe tana jiran a sauke mata giyabos. Yana ganin galan biyu ba rubutu ya tafa hannu. "Jama'a, ku matso ku ga ikon Allah. Sha'aban, kai da ba ka taɓa gani ba, buɗe idonka."

Ya Gana tana zaune a kan wata taya, ta ɗaure ƙugu da mayafi. Tsakaninta da Gali akwai wasan Barebari da Fulani, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai bawana, ka hanzarta," in ji ta. "Tattasai na can a tsinke tun asuba. In azahar ta yi ban isa Itas ba, manoman nan wata motar za su ba. Sati uku ina lallashinsu."

"Uwar ɗakin da ba ta da jaki sai ruɓaɓɓiyar mota," ya mayar mata, amma muryar ba tasa ba ce.

Ya tsuguna ya buɗe na dama, ya tsoma yatsa, ya kai hanci. Babu. Ya buɗe na hagu. Babu. Ya murza su tsakanin yatsu, kaurinsu ɗaya. Ya ɗaga yatsun biyu a hasken rana, dukansu launin zuma. Ya ciro waya ya kira Uchechukwu, a kashe. Ko da ya shiga ma, ba shi ya zuba ba. Zufa ta fara gangarowa daga ƙarƙashin hularsa.

"Yau kuma har da waya?" in ji Maikuɗi. "Ja mana rai yake yi."

Gali ya sake lumshe ido, wannan karon ba don kallo ba. Lissafi yake yi. In ya yi caca, ko ya dace ko ya faɗi, kuma ko ya faɗi ba wanda zai sani yau. Motar za ta tashi lafiya, a tafa masa, a watse. Sai bayan wata huɗu ko biyar giya ta biyu ta fara ƙara, sannan ta uku, ya ce ƙafar Sha'aban ce ba ta iya taka kuloci ba, kowa kuma zai yarda da shi. Zobban dai sun tafi, babu wasu. Na baya ya fi muni. Aksul da man da bai kai ba, ga buhu talatin, ga zafin rana, haƙoran za su yi ta cin juna har wata rana su cije a tsakiyar hanya, mata suna saman kaya. Wata zuciyar ta ce masa ai rabi da rabi ne, kuma hannun da ya shekara talatin yana wannan aiki ba zai kai shi ga kuskure ba.

Ya ɗauki na dama. Ya ɗauki mazurari da tiyo. Ya sauka rami, ya kwance noti, ya zura tiyon a bakin giyabos. Sha'aban ya sunkuyo yana kallo, baki buɗe.

"Ka gani ko?" Ya Gana ta ce wa ɗan yayarta daga inda take zaune. "Shi ya sa na ƙi kai ta ko'ina. Wannan Bafulatanin ko ruwan kwata ya ce in zuba wa motata, zubawa zan yi."

Galan ɗin yana karkace a hannunsa, man ya zo bakin murfi, saura ƙiris ya gangara. Gali ya dakata. Sannan ya miƙar da galan ɗin, ya zare tiyon, ya fito daga ramin a hankali kamar tsoho. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ban san wanne ne ba," in ji shi.

Maikuɗi ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya tsaya.

"Hancina ya mutu. Tun murar damina. Ko fetur ba na ji."

 Maikuɗi ya miƙe tsaye. "Tun damina? To man da na kawo maka da azumi fa? A gabana ka shaƙa, ka rufe ido, ka gyaɗa kai."

"Da yamma na je na tambayi Uche. Man naka daidai ne."

"Ba mai nake tambayarka ba, Malam. Ka rufe ido ko ba ka rufe ba?"

"Na rufe."

Maikuɗi ya juya wajen sauran. "Kun ji fa. Wata bakwai muna tafa wa wasan kwaikwayo."

Sai kowa ya zama gwani. Suka yi ca a kan galan ɗin suna shaƙa, ana miƙa wa juna. Sha'aban ya ce na hagu ya fi wari. Wani ya rantse na dama ne. Na ukunsu ya shaƙi wannan, ya shaƙi wancan, ya koma na farko, ya ce yanzu kam hancinsa ya rikice. Ya Gana ta karɓa ta shaƙa, ta tofar da yawu. "Duk warin tsiya ɗaya suke yi."

"Hajiya, ki ce ya zuba kowanne ki kama hanya," in ji Maikuɗi. "Rabin motocin garin nan mai ɗaya suke sha gaba da baya."

"Shi ya sa rabin motocin garin nan suke kwana a rumfar nan," in ji Gali, bai ɗago kai ba.

Ya Gana ta taso ta tsaya a gabansa. Wasa ya ƙare a fuskarta. "Malam Gali," in ji ta, kuma wannan ne karo na farko da ya ji sunansa a bakinta. "Ba tarihin hancinka na zo ji ba. Me za ka yi mini yanzu?"

Akwai abu ɗaya. Sau ɗaya tak ya taɓa ganin an yi, yana yaro, wata rana da mura ta toshe wa Malam Abdulrashid hanci. Ya faɗa mata gaskiya: bai taɓa yi da hannunsa ba, zai ci awa ɗaya ko biyu, kuma ba shi da tabbacin zai nuna. Ta dubi rana, ta dubi motar. Ta koma kan tayarta ta zauna jira.

Ya samo gwangwanin madara biyu ya wanke da fetur ya goge. Ya ɗauki ƙusa ya ja layi ɗaya a jikin galan na dama da gwangwani ɗaya, ya ja layi biyu a na hagu da ɗaya gwangwanin. Ya yanko tsohuwar wayar batir, ya feɗe robar, ya goge tagullar da yashi har ta yi ƙyalli ja, ya raba ta biyu. Ya zuba mai kaɗan a kowane gwangwani, ya jefa waya, ya ɗauka ya nufi teburin mai shayi, mutane na biye da shi. Man da ke da farar wuta da yawa, in ya ji zafi, zai baƙanta tagulla. Ɗayan ba zai yi ba. Haka dai ya tuna.

Mai shayi ya yi ƙorafi amma ya janye tukunyarsa ya ba shi gefen garwashi. Gali ya tsuguna yana gyara gwangwanayen da filaya, kada wuta ta yi yawa man ya kama, kada ta yi kaɗan a yi zaman banza. Hayaƙi mai shuɗi ya fara tashi. Mutane suka toshe hanci suka ja baya, shi kaɗai ya rage a kusa.

Wayar Ya Gana ta yi ƙara. Manoman Itas ne. Ta amsa, ta ce ga ta nan tafe, a ƙara mata haƙuri. Bayan rabin awa ta sake yin ƙara, wannan karon ta fi daɗewa tana sauraro fiye da magana.

Da awa ɗaya ta cika ya ciro wayoyin biyu ya ɗora a kan tsumma. Kowa ya leƙo. Dukansu sun ɗan dushe, babu wani bambanci da ido zai kama. Maikuɗi ya ja dogon tsaki. "Daga bokan hanci an koma bokan gwangwani." Ya kira mutum biyu suka taya shi tura bas ɗinsa, suka fitar da ita daga rumfar suka yi layin gaba da ita, wurin wani bakaniken. Gali ya ji ƙarar tayoyin a kan tsakuwa, bai waiwaya ba. Ya mayar da wayoyin, ya tura gwangwanayen kusa da wuta kaɗan, ya ci gaba da fifita da kwali. Inuwar dalbejiya ta tattare ta koma gindinta. Bakinsa yana motsi, ba a jin abin da yake faɗa.

Ana kiran sallar azahar ya sake cirowa. Ya goge ta farko da tsumma: ta yi ja mai duhu, amma tagulla ce har yanzu. Ya goge ta biyu, ya sake gogewa da ƙarfi. Baƙa ƙirin, kamar kan ashanar da aka ƙyasta. Ya juya gwangwaninta ya duba. Layi biyu.

"Na hagu na aksul ne," in ji shi. "Na dama na giyabos."

Sha'aban ne ya fara lura. "Na dama? Ai shi ne a hannunka tun ɗazu, Malam. Da ka zuba kawai!"

"Da na zuba," in ji Gali.

Cikin minti ashirin ya gama, ya ɗaure notuna, ya goge. Sha'aban ya tayar da mota, ya taka kuloci, giya ta ɗaya ta shiga ba ko tari. Ya Gana ta buɗe ƙofa, ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Sun ba wata motar rabin kayan," in ji ta. "A kan galan ɗin da tun farko yana hannunka."

"Haka ne, Hajiya."

Ta dube shi ta daɗe, shi kuma yana kallon ƙasa. "Ka je asibiti," in ji ta. Ta shiga ta ja ƙofar.

Ya je, bayan sati guda. Likita ya ce irin wannan yakan dawo, wani lokacin kuma ba ya dawowa. Har yau bai dawo ba. Maikuɗi ma bai dawo ba, kuma ya ja mutum uku sun bi shi. Tun a ranar labarin ya zagaya tasha kafin la'asar, kowa da irin gishirin da ya ƙara, har da masu cewa dama can babu wani hanci, sa'a ce kawai yake ci tsawon shekarun nan. Wannan ta fi komai yi masa ciwo, kuma ba shi da yadda zai yi ya ƙaryata. A-kori-kurar Ya Gana dai tana zuwa rumfar duk bayan wata biyu a duba mata yoyo, bencin kuma bai ƙara cika kamar da ba.

Mai shayi ya ce kwana biyu cur shayinsa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, duk wanda ya kurɓa sai ya ajiye kofi ya zage shi. Mutum ɗaya ne kawai, mai mataccen hanci, yake zuwa da safe ya zauna shi kaɗai a ƙarshen benci, ya shanye tas, ya ce a ƙara masa rabi.